Abincin da Baba Ya Biya Tun Daga Gida

Ƙamshin soyayyen dankali ne ya tare ni jiya a bakin tashar Stratford, irin wanda ake yayyafa wa gishiri da ruwan tsami a naɗe a takarda. Na tsaya ina murmushi ni kaɗai a cikin jama'a, don kakata ya tuna mini, da wani hutun bazara da muka yi ina firamare, a ƙarshen shekarun tamanin.

A unguwar Thamesmead ta London muke zaune lokacin, a wani gidan haya na ƙaramar hukuma can saman bene, inda duk tagar da ka leƙa siminti za ka gani. Baba yana aiki a asibiti. Kaka, mahaifiyarsa, ta zo daga Kano aka yi mata aikin ido, aka kuma dace. Baba ya ce ba za ta koma gida ba sai ta kalli wani abu mai kyau da sabon idon nata. Sai ya yi mana booking a wani wurin shaƙatawa a bakin teku, mai liluka kala-kala da ɗakunan kwana, ya kuma biya kuɗin abinci gaba ɗaya tun daga gida, safe da rana da dare.

Mama ba ta so hakan ba. Ta ce a bar ta ta soya kaji, ta yi miya ta zuba a kula. Baba ya ce a wannan tafiyar babu mai taɓa tukunya, kowa hutu zai yi. Ta haƙura, saboda a gaban surukarta ake maganar.

Ɗakin cin abincin dogo ne, cike da ƙarar cokula da kukan jarirai da tururin shayi. Ni da ƙanwata mun ɗauka aljanna muka shiga. Ga dankali, ga kifi, ga wake a jar miya mai zaƙi, ga kastad da askirim, kuma babu mai ce maka ya isa. Amma naman ba yankan Musulmi ba ne, wani ma na alade ne, don haka rabin abin da aka jera sai dai mu wuce shi. Kaka ta ɗanɗana kifin sau ɗaya, ta ture farantin a hankali, ta ce a asibiti ma sun fi haka sa gishiri. Daga nan ta koma shayi da burodi.

Washegari ta ƙi fita yawo, ta ce jiri take ji. Ban taɓa ganin Baba a irin wannan hali ba. Ba zai iya yi wa mahaifiyarsa musu ba, ga shi garin da za a sayo mata wani abinci yana da nisa kuma ba mu zo da mota ba. Sai ya riƙa cinye nasa ya haɗa da nata don kada a zubar, Mama kuwa tana tambayarsa cikin ladabi ko a ƙaro masa.

Da rana Kaka ta jawo hannuna ta ce, "Maigidana, je ka tambayi masu girkin nan, ko a garinsu an san farar shinkafa da mai."

A London aka haife ni. Ina jin Hausa sarai, amma da Turanci nake amsawa. Na shiga layi ina maimaita saƙon a bakina don kada ya ɓace, shinkafa da mai, shinkafa da mai. Sai wata baƙar mata mai farar hula a bayan kanta ta ajiye ludayinta, ta ce, "Kai yaro, wa yana so shinkafa?"

'Yar Gana ce, daga zangon Kumasi, aikin bazara ya kawo ta wurin. Da ta sami sarari ta fito har teburinmu, ta durƙusa ta gaida Kaka. A Hausarsu ba a bambanta mace da namiji, sai ta yi ta tambayar Baba yaya jikinsa, ya ci abinci kuwa, tana nuna Kaka. Kaka ta yi dariya har da hawaye, ta ce tun da aka haife ta ba a taɓa mayar da ita namiji ba sai da ta zo ƙasar Turawa. Matar ta ce akwai farar shinkafa kullum a kicin, kuma tana cikin abin da muka riga muka biya.

Aka kawo shinkafa da ɗan mai a kofi. Kaka ta sa aka ɗauraye mata waken nan har zaƙin ya fita, ta juye a kai. Sannan ta buɗe jakarta ta zaro ƙullin yaji wanda babu wanda ya san da shi, ta barbaɗa, ta cakuɗa da hannu. Ƙamshin ya tashi har teburin da ke kusa. Baba ya kalli kifinsa, ya kalli farantinta, ya wanke hannu.

Da yamma ta ce a kai ta babban lilon nan mai zagayawa sama. Ni na zauna kusa da ita. Da muka kai ƙololuwa iska ta ɗaga mayafinta, teku ya shimfiɗu a gabanmu ba iyaka. Ban san lokacin da na ce, "Kaka, kalli ruwa, ba ya ƙarewa," ba. Ta bar kallon tekun ta juyo gare ni, ta ce in sake faɗa. Ranar ce ta fara jin Hausa daga bakina.

Yanzu ni ne mai yara, kuma abubuwa sun sauƙaƙa. A waya ake booking, a nan kuma za ka ga inda ake sayar da halal. Da muke shirin tafiya irin wannan hutun, ni da matata muka rasa matsaya kan ko mu biya kuɗin abinci tun daga gida, sai na kira Baba a Kano, inda ya koma bayan ritaya. Ya yi dariya ya ce in lissafi za a bi, asara ya yi, don mun biya naman da ba mu ci ba.

"Amma na ga mahaifiyata ta share faranti ta nemi ƙari a ƙasar da ba tata ba," in ji shi. "Wannan ban san kuɗinsa ba."

Na biya. Na kuma ƙara ɗaki ɗaya saboda Mama, wadda za ta zo mana hutu. Yanzu ita ce Kaka, kuma tuni ta gaya wa jikokinta a waya cewa babu lilon da za su hau su bar ta a ƙasa.