Tallar da Lawwali ya kunna jiya tana nan tana aiki

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina buɗe shago da safen nan labari ya iske ni: 'yan bindiga sun kashe Lawwali jiya da la'asar a hanyar Runka.



Duk wanda ya taɓa sayen man gyaɗa ko ƙuliƙuli a shafin nan nawa, ta hannun Lawwali ya same ni. Ni ina Batsari ina ɗura mai a roba ina kaiwa tasha. Matan Runka ne ke soya gyaɗar su matse, da yawansu mazajensu sun daina zuwa gona, wasu ma mazajen babu su. Shi kuma yana ɗan shagonsa na gyaran waya a Safana, shi ke riƙe da tallarmu, wadda ke fitowa idan wani a Kano ko Kaduna ya nemi man gyaɗa a intanet. Duk wanda ya danna tallar sai an cire mana kuɗi, ya saya ko bai saya ba. Kuɗin kuwa daga ribar kowace jarka ake ware shi a zuba a asusun talla.

Ni mutum ne mai gaggawa, kowa ya sani. Ranar da muka fara cewa na yi mu zuba ribar wata guda a lokaci ɗaya, duniya ta san da zamanmu. Lawwali ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Mutumina, kai hwa Alhaji ne tun ba ka yi kuɗɗi ba. In kowa ya kira, mi za ka ba su?"

Sai ya kafa tsarinsa. Kowace safiya ya kira Inna Hansai, dattijuwar da ke shugabantar matan, ya ji yawan man da ke ƙasa. Sannan ya kira direban a-kori-kurar da ke ɗauko mana man ya ji yadda hanya ta kwana. In akwai mai kuma hanya lafiya, ya ɗaga kuɗin tallar ranar. In an ji motsi a daji, ya kashe ta gaba ɗaya. Mun sha faɗa a kan haka, don ni gani nake yana kore mana ciniki. Amsarsa ɗaya ce kullum:

"Kuɗɗin nan gumin matan can ne. Ba ni ƙona shi a kan mutumin da ba mu iya kai mashi kaya."

Ko sisi bai taɓa karɓa ba na wannan aiki. Lokacin da ɗiyata ta kwanta asibiti, shi ya riƙa amsa masu saye da sunana, har wata hajiya ta yaba mini cewa na koyi haƙuri. Wayar mahaifiyata kuwa ban san sau nawa ya gyara ta ba, in na miƙa kuɗi ya ce in saya mata goro.

Rabona da shi ranar kasuwar da ta wuce. Ya zauna a bencin shagona yana cin ƙuliƙulin sayarwa, ina yi masa tsiya cewa zai karya ni. Da zai hau mashin ya juyo ya ce:

"Bari kaka ta yi. In Allah ya kai mu, zan bar ka ka yi Alhajinka na sati guda."

Jiya da safe an ce masa hanya lafiya, ga mai ya taru, sai ya kunna tallar ya ɗaga kuɗinta. Mutane suka yi ta kira. Da rana motar ta lalace, shi kuma ba ya son a ce mun yi alkawari mun saɓa, ya ɗauki mashin ɗinsa ya tafi ɗauko jarkokin da kansa. A hanyar dawowa suka tare shi. Sun tafi da mashin, da man, da wayarsa.

A wayar nan tallar take. Ni ban san ta inda ake shiga ba, ban san lambar sirrin ba. Mai kashe ta idan hanya ta ɓaci shi ne aka kashe.

Tun safe wayata ke ƙara. Wata daga Kaduna tana tambayar farashin jarka, na katse kiran. Kowane kira na san an ciri kuɗin matan nan ne kafin ya iso ni, kuma haka za a yi ta cira har asusun ya ƙare. Wallahi na gaji. Ban ga ta inda za mu sake tashi ba.

Ɗazu Inna Hansai ta kira ta yi mini gaisuwa. Sannan ta ce:

"Ɗana, gyaɗa na bisa wuta. Mu ci gaba da suya ko mu sauke?"

Na ce su sauke.

Allah ka jiƙan Lawwali, ka karɓi shahadarsa, ka haskaka kabarinsa, ka ba iyalinsa haƙuri. Matan Runka kuma ka buɗe musu wata ƙofar, don tawa ta rufe. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya sa shi a addu'a. Wanda kuma ya ga tallar man gyaɗarmu a wayarsa, ina roƙonsa kada ya danna, ya yi masa Fatiha ya wuce.