Shekarar da Na Kori Shanun Baffa

Tun ina yawo ba wando na san Baffa. Bafulatani ne dogo, kunnensa ɗaya ba ya ji sosai. Duk shekara, da an kwashe gero da dawa, sai ya sauke shanunsa a gonarmu, su ci kara, su bar mana taki. Ba takarda, ba shaida. Haka mahaifina ya tarar, haka ya bar mana. Ƙwaryar nonon farko kuwa ta Inna ce, mahaifiyata.

Ni na gama firamare, na ɗan leƙa sakandare aka koro ni. Wannan guntun karatun ya sa duk wanda saƙo ya shigo masa a unguwarmu sai ya miƙo min waya. Kuma ina jin daɗin abin, ba zan ɓoye ba.

Wata kaka, saƙon murya ya shigo. Mai maganar ya fara da salati, murya a natse kamar ta mai tafsiri. Ya ce masu shanun da ke sauka a gonaki gidaje suke ƙirga wa 'yan bindiga. Ya haɗo da bidiyon bukkoki suna cin wuta, ya ce a tura wa kowa. Ban san shi ba, ban san garinsa ba. Amma ni na kunna shi a gindin tsamiya bayan la'asar, har sau uku.

Da Baffa ya iso, na tare shi a bakin gona.

"Baffa, bana a yi haƙuri."

Ya juyo min da kunnen da ke ji. "Me ka ce, ɗana?"

Na maimaita, na miƙa masa wayar. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Wannan mutumin ya san ni?"

"Bai san ka ba."

"Kai fa?"

Na karɓi wayar na sa a aljihu. Ya kaɗa shanunsa ya nufi wajen Bagwai.

Inna ta kwana uku ba ta amsa gaisuwata ba. Ran na huɗu ta ce, "Mutumin da ya ɗauke ka a wuya lokacin da kunama ta harbe ka, shi ka kora saboda kwalin waya. To ka ce wa wayar ta yi maka kashi a gonar."

Daga baya wani direba mai kai hatsi Dawanau ya ga bidiyon ya yi tsaki. Ya ce tsoho ne, ya taɓa ganinsa da sunan wani gari daban. Wannan bayanin nasa kam ba wanda ya tura wa kowa. Geron daminar da ta biyo baya kuwa, da ba taki, zangarniyarsa kamar yatsa.

Kafin kaka ta zagayo Inna ta ƙulle min goro, na hau keke na nemo shi. Na same shi yana ɗaure maraƙi.

"A'a, malamin waya. Yau me ta ce a kaina?"

"Ta ce ni sakarai ne, Baffa."

"Ka ga wannan karon ta faɗi gaskiya." Ya sa aka kawo min nono.

Ya dawo, shanun sun yi mana taki. Sai dai bukkarsa da ke kusa da dangarmu shekara da shekaru, yanzu can ƙarshen gona yake kafa ta, ƙofarta na kallon hanya. Kullum da safe sai na taka har can na gaishe shi.