Tallan Huluna da Na Rubuta da Hausa

Shekarar da matata ta koma Sakkwato jinyar mahaifiyarta, ni kaɗai nake wuni a shagona na huluna a Zongon Kwatano. Abokin cin abincina, wani mai fataucin shanu, shi ma ya koma arewa. Sai in je masallaci in dawo, in tarar da bencin baƙi yadda na bar shi.

Maƙwabciyata, wata 'yar ƙabilar Fon mai shagon buga takardu, ita ta ba ni shawara in biya a sa tallana a shafin bincike na intanet, duk wanda ya nemi hula a Kwatano ya gan ni. Na yarda, amma na ce da Hausa za a rubuta. Na faɗa tana bugawa: kube da zanna, ɗinkin hannu, a zo mu gaisa.

Mako biyu ba wanda ya zo. Na koma wurinta, ta buɗe kwamfuta ta duba.

"Alhaji, na'urar ta ce tallanka bai amfani masu nema ba."

"Madam, ba na biya ba?"

"Biya kaɗai ba ya isa. Tana gwada abin da mutum ya rubuta da abin da ka ce. In an nuna tallanka an wuce, ko an taɓa an fita nan take, sai ta mai da kai ƙasa. Mutanen nan da Faransanci suke nema."

Ta nuna mini jerin kalmomin da aka yi bincike da su. Duk Faransanci ne, sai layi ɗaya tak: ina ake sai da kube a Kwatano. Na daɗe ina kallonsa. Na tambaye ta wa ya rubuta, ta ce na'urar ba ta faɗin wannan.

Na bari ta juya tallan zuwa Faransanci, ta sa hotuna da farashi. Ciniki kuwa ya buɗe. Daga unguwar Fidjrossè mai nisa ma ana zuwa sayen hular biki, a gwada a madubi, a biya, a tafi.

Wata Juma'a na je har kasuwar Missèbo ina tambayar Hausawa 'yan gwanjo ko a cikinsu wani ya nemi kube a waya. Suka yi dariya, suka ce ai sun san hanyar shagona.

Kusan wata guda, duk wanda ya shigo sai na fara gaishe shi da Hausa. Yawanci murmushi suke yi, su nuna hular da suke so.