Badaru, Ka Sauke Tiren Nan Mu Ga Fuskarka

Ranar Alhamis, 7 ga Agusta, 2025, cikin watan Safar, Allah Ya karɓi ran ƙanena Badaru a kan hanyar Maigatari zuwa Gumel. Ya taso daga kasuwar dabbobi bayan la'asar, ruwan sama ya rutsa da shi, babur ɗinsa ya zame a gaban wata motar hatsi. Kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa. Mu duka na Allah ne, kuma wurinSa za mu tattara. Washegari da safe aka yi masa sutura a Gumel, ya bar mahaifiyarmu Inna, da matarsa Mu'minat da tsohon ciki, da ni yayarsa Naja'atu da ya saba bari da aiki.

Badaru, bayan an dawo daga maƙabarta aka kawo mana kayanka. Babur ya lanƙwashe, jaka ta yage, kwalaben alluran shanu duk sun farfashe. Amma tabilet ɗin nan naka, wanda na laƙaba wa suna tire saboda faɗinsa, an same shi nannaɗe cikin tawul da leda biyu, ko ƙwarzane bai ƙaru a kansa ba. Kai ka fita babu hular kwano, shi kuwa ka naɗe shi kamar jariri. Ina kuka, ina jin haushinka, har na rasa wanda ya fi wani.

Ni malamar kwamfuta ce a makarantar 'yan mata. Shekarun da na yi ina koya wa 'ya'yan mutane buga rubutu da yatsu goma, ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya yana nan yana caccakar gilashi da yatsa ɗaya. Lokacin da ka samu aikin malamin dabbobi, da hannuna na zaɓo maka laftof mai kyau, na saya mata jaka, na zuba maka duk abin da ma'aikaci yake buƙata. Ka karɓa da hannu biyu, ka yi godiya, ka sa mini albarka har na ji kunya. Sai ka kai ta ƙarƙashin gadon Inna ka ajiye. Da na yi maka magana, cewa ka yi, "Yaya Naja, a ruga ina zan samu tebur? A bayan saniya zan ɗora ta?"

Ba zan hana ka gaskiyarka ba. Aikinka a kan babur yake, daga rugagen Sule Tankarkar zuwa na Gagarawa, ranar Alhamis kuma Maigatari. Tiren yana wuni bai nemi wuta ba, in ya nema ka shimfiɗa masa ɗan faifan sola a kan sirdin babur. Da shi kake nuna wa makiyaya hoton bakin saniya mai ciwo, su gane cutar tun ba ta gama garke ba. Sun sa masa suna allon likita. Na ji an ce akwai tsohuwar da ba ta yarda a yi wa awakinta allura sai an fara nuna musu allon. Duk wannan na yarda.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne yadda kake bugun ƙirji a gaban mutane cewa ofishinka gaba ɗaya yana cikin jaka, ba ka buƙatar wata kwamfuta. Ƙarya kake yi, Allah Ya gafarta maka. Babbar kwamfutarka ni ce. Duk ƙarshen wata sai ka faɗo gidana da rahoton aiki wanda babu aya babu waƙafi, layuka sun hau juna, sunayen garuruwa tiren ya gyara maka su zuwa wasu kalmomin Turanci da babu wanda ya san su. Ni zan zauna in warware, in tsara, in buga a takarda. Kai kuwa kana kan tabarmata kana shan furar da aka ba ka a ruga, kana yabon saurin hannuna. In na ce ka ɗauko laftof ɗinka in koya maka, sai ka ce wata mai zuwa. Watan nan bai taɓa kamawa ba.

Na yi maka magana har bakina ya gaji a kan ka riƙa kwashe abin da ke cikin tiren kana adanawa a wani wuri, kana goge tarkace. Kunnen ƙashi gare ka. Ba ka goge komai, ba ka kwafe komai. Kullum yana kukan ya cika, kai kuma kana lallashinsa. Gilashin ya tsage ta gefe, bayansa ya fara kumbura, wurin cajin ya sake har sai ka ɗaure wayar cajin da roba ka jingina shi da bango a karkace kafin ya karɓi wuta. Na ce maka ranar da abin nan ya mutu, aikinka na shekaru ya mutu. Ka yi dariya ka ce ai ku biyun tare za ku tsufa.

Duk da haka, babu wanda ya zo gaisuwa bai ambaci tiren nan da alheri ba. Ba ka taɓa sa masa lambar sirri ba, don kowa aro yake yi. Matan unguwarmu da mazajensu ke ci-rani a Legas da Agadas, a zaurenka suke layi ranar Juma'a su ga fuskokin mazajen a babban gilashi. Inna, da idonta ya yi rauni, a kansa take karatun Alƙur'ani, ka buɗa mata haruffa manya-manya. Duk bikin suna da na ɗaurin aure a danginmu kai ne mai hoto, ba a gayyace ka ba, ba ka karɓar ko sisi. Sai dai ka tsaya a gaban kowa ka ɗaga tiren sama da hannu biyu, ka tare wa sahu guda gani. Sau nawa na ce maka, "Badaru, ka sauke tiren nan mu ga abin da ake yi"?

Wannan ɗabi'ar taka ce ta jefa mu cikin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ranar sadakar uku, bayan mata sun ragu, Mu'minat ta kira ni ɗakinta. Ba ta yi kuka ba. Ta ɗora hannuna a kan cikinta ta ce, "Yaya, in abin da ke cikin nan ya girma ya ce in nuna masa babansa, me zan nuna masa?"

Na ce mata wannan ai ba abin damuwa ba ne, mutumin da ya ƙare rayuwarsa cikin hotuna. Sai ta miƙo mini wayarta. Badaru, kowane hoto naka da ke ciki, hula ce a sama, riga a ƙasa, a tsakiya kuma bayan tire. In ta ɗaga waya za ta ɗauke ka, sai ka ɗaga naka ka ɗauke ta tana ɗaukarka, kuna dariya. Wasa ne a wurinku. Na bi wayoyin dangi ɗaya bayan ɗaya, labarin bai canza ba. Hatta ranar ɗaurin aurenka ka hana a kira mai hoto, ka ce ga ka ga ofishinka, ango guda yana bin mutane yana cewa su matso su yi murmushi. Abin da ya rage mana shi ne hoton katin zaɓe, wanda ya yi duhu har Inna ta kalla ta ce wannan ba ɗanta ba ne. Akwai kuma wani na firamare da kake tsaye a sahun baya, rabin kanka a bayan kunnen wani.

Sai na koma kan tiren. Na ɗaure masa waya da roba yadda kake yi, na jingina shi da bango, ina addu'a kada ya zaɓi wannan makon ya bi ka. Na wuni ina turawa da yatsa. Na ga dasashin shanu, na ga kofato, na ga kaska an matso da ita kusa har ƙafafunta sun fito. Na ga kashin awaki kala-kala. Na ga amaren mutane da jariransu, da tsofaffin da suka riga ka tafiya. Na ga kaina ba sau ɗaya ba, baki buɗe, yatsa a sama, ina yi maka faɗa, ashe ɗaukata kake yi. Kowa na ƙasar Gumel yana cikin tiren nan, har da jakuna. Mai shi ne kawai babu. Sau biyu yana ɗaukewa a hannuna, gabana yana faɗuwa har sai ya dawo. Da kana kusa a ranar, da ka ji abin da ba ka taɓa ji daga bakina ba.

Ana cikin haka Ardo Ilu ya zo gaisuwa daga wata ruga ta bayan Sule Tankarkar, dattijo mai farin gemu da ka sha ba ni labarinsa. Ya ce sai ya gaisa da yayar likita, na fito zaure. Bayan addu'a ya tambayi allon, na gaya masa yana nan, na kuma gaya masa abin da muke nema muka rasa. Ya murza sandarsa, sannan ya ce, "Malama, ki duba damunar bara, wajen fitar gero. Akwai ranar da na yi wa likita ɓarna."

Ya ce wata karsanarsa ce ta zo haihuwar fari, ɗan ya gicciye. Ka tuɓe riga za ka sa hannu, ka ga aikin na hannu biyu ne, sai ka danna ɗaukar bidiyo ka damƙa masa allon, ka ce ya saita a kan saniyar don ka riƙa koya wa wasu makiyayan. Shi kuma bai taɓa riƙe irin abin ba. Da aka gama ka duba, ka yi ta mita har ka hau babur, wai Ardo ya lalata maka darasi.

Na tuna mitar nan, don har gidana ka kawo ta. Na kuma san halinka, abin da ya shiga tiren nan ba ya fita. Na koma damunar bara, na wuce kofatai da yawa, na same shi.

Saniyar ba ta fito ba sai wutsiya. Kai ne ka cika gilashin, Badaru. Kumatunka a manne da gadon bayanta, gumi yana bin goshinka, ga tabon nan na gefen gira da ka samu a kan bishiyar gidanmu, ga wushiryarka. Kana yi wa saniyar magana a hankali kamar mai lallashin yaro. Can ka ɗago ido ka ga inda allon ya dosa, ka ce, "Haba Ardo! Saniyar za ka ɗauka, ba ni ba!" Sai aka ji muryar dattijon daga baya yana cewa, "Shanu muna da su da yawa, likita. Kai ne ɗaya." Ka fashe da dariya, hannunka har kafaɗa a cikin saniya.

Ban tsaya kallo na biyu ba. Na aika aka jawo laftof ɗin nan daga ƙarƙashin gadon Inna, tana nan cikin jakar da na saya mata. Na share ƙura, na sa mata wuta, na haɗa su da waya, na riƙe bakin cajin da yatsana don kada ya motsa har bidiyon ya gama wucewa. Aikin farko da ta yi maka ke nan tun da na saya. Na ci gardamarmu, ƙanena, kuma ban taɓa cin abin da ya yi mini ɗaci kamarta ba. Sai dai da ka ji maganata kana goge tarkace, da wannan ne farkon abin da za ka goge, shi ya sa ban san wanda zan ce ya yi gaskiya ba.

Mu'minat ta kalla ita kaɗai, ta rufe ƙofa. Inna ta sa an matso mata da gilashin har kusa da hancinta, ta shafa fuskarka da tafin hannu ta ce, "Yauwa, wannan ne."

Ya Allah, Ka gafarta wa Badaru, Ka yi masa rahama, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi. Ka sa tausayin da ya nuna wa dabbobin da ba su da bakin godiya ya zame masa nauyi a mizani. Ka ba Inna haƙuri da juriya. Ka sauki Mu'minat lafiya, Ka raya abin da za ta haifa a kan imani. Ina miƙa ta'aziyyata ga dangi na Gumel da Gagarawa, da abokan aikinsa, da Ardo Ilu da dukan makiyayan da suka yi tattaki suka zo, Allah Ya saka musu da alheri. Wanda Badaru ya taɓa tare wa gani a wurin biki, ina roƙonsa ya yafe masa. Ni ma na yafe, har da rahotannin.

Tiren yana nan jingine da bango a ɗakin Inna, da robarsa. Ranar suna ni zan ɗauki hoto, kuma zan tabbata kowa ya sauke abin da ke hannunsa. In yaron ya yi wayo zan zaunar da shi in nuna masa babansa yana dariya, yana faɗa a ɗauki saniya a bar shi. Allah Ya sada mu a Aljanna, Badaru, in ga fuskarka babu komai a gabanta.