Limamin da Ya Koma Sahun Baya

Awa uku ke nan muna bakin iyakar Jibiya ana duba takardun motarmu. Na zauna, na tashi, na tsokani mai rake har ya kore ni. Dattijon da ke gindin bishiyar bedi kuwa ko gezau. Tabarau ɗaure da zare, yana bin wani tsohon littafi da yatsa yana murmushi. Wayarsa na ta ruri, ya cusa ta cikin takalmi.

Na rantse limamin babban gari ne, ya tsere wa raɗin suna da sasanta rigima.

Azahar ta yi, direbobi na tura shi gaba.

"Malam, bisimilla."

"Ku yi mani rai, hutu nake."

Na ce, "Allah gafarta Malam, halan ita ma sallah ana yi mata hutu?"

"Jan ta na ajiye, ɗana. Shekara ashirin ina gaba. Na ƙosa in ji wani ya yi kabbara in bi."

Ga shi nan a sahun baya, kafaɗarsa jikin tawa. Ni da ba na iya tsayuwa wuri ɗaya, raka'a huɗu ban sosa ko'ina ba.