Littafin da Na Buɗe ta Dama Ya Kai Ni Argungu

Birnin Kebbi, Talata

Motarmu ta tashi bayan sallar asuba, biyar da rabi in ji agogon direba, don ni inuwa ce agogona. Shekarar da aka ba da mulkin kai ce, shinkafa ta fara nuna. A aljihuna goro biyu da littafi ɗaya.

Littafin nan shi ya tashe ni. Na Malam Bawa akawu ne, maƙwabcina, sabon labari da aka buga da boko. Ni kuwa ɗan allo ne, sai wata uku na ajin manya da na yi ina gyangyaɗi. Da ya ba ni aro sai na buɗe ta dama yadda muka saba da ajami, na faɗa shafin ƙarshe: wani mutum ya iso gidan ƙanensa, ya iske ana dawowa daga maƙabarta. Na ce, "Malam, wanga mawallafi ba shi da ladabi, da biso ya fara!" Ya yi dariya har hularsa ta faɗi. "Baba Sule, kai ne ka shigo ta bayan gida."

Na juya, na bi shi daga fari, kwana goma sha ɗaya ina haɗa baƙi. Mutumin yana fushi da ƙanensa, kullum sai ya ce bayan girbi, bayan salla. Ni da na riga na ga inda za shi, nakan daka wa takarda tsawa: "Tashi ka tafi, wawa!" Sai wata rana na ji tsawar ta dawo mini. Shekara bakwai ban taka Argungu ba, tun da muka yi sa-in-sa da ƙanena Ɗanjuma kan jirgin kamun kifi na mahaifinmu, na ce ko gawata kada ya bi.

Zauro

Shida da kwata mota ta kafe a laka. Direba ya leƙo: "Baba, aje boko ka kama turi!" Muka tura har rana ta yi tsawo. Na ci masa biyu a tsaye, ban ji ɗanɗanonsu ba. Ina ta tunanin cewa shi ma mutumin cikin littafi da yini ɗaya ya makara.

Gaba kaɗan muka iske shingen 'yan doka. Ɗaya ya karɓi littafin, ya buɗe ta dama, ya gyaɗa kai. Na ce a raina, ashe ajinmu da yawa.

Argungu

Mil talatin da ɗoriya, amma sai sha ɗaya da rabi muka iso. Da na karya kwanar gidanmu na hango maza zaune kan tabarmi a ƙofa. Na ce shi ke nan, zaman makoki ne. Da na matsa sai na ga tarun kamun kifi suke ɗinki, Ɗanjuma a tsakiya, gemu ya yi fari.

Ya miƙe. "Yaya? Wa ya mutu?"

"Ba kowa. Shi ya sa na zo."

"Ba kai ka ce ko gawarka ba?"

"Gawa na ce. Ka ga na yi kama da ita?"

Ya dube ni, ya dube ni, sannan ya matsa mini kan tabarma. Aka kawo tuwon shinkafa da miyar giwan ruwa. Na tambayi jirgin. Ya nuna bayan danga: ya ruɓe tuni, awaki ke cin dusa a ciki. Muka bar su suna ta tauna. A zaure na kwana.

Birnin Kebbi, Laraba

Na iso gida da la'asar da busasshen kifi ƙunshi biyu, na kai wa Malam Bawa ɗaya tare da littafinsa. Ya ce, "Yanzu ka gane ta inda ake buɗewa?" Na ce na gane, amma ba zan daina ba. Wanda ya ga ƙarshe tun da sauran hanya, yana iya sauya mota.

Godiya ga Allah da ya sa na iske taru a ƙofar; godiya kuma ga Malam Bawa, da direban da ya sa ni turi.