Farar Hodar da Na Juye a Masai

Shekarun baya, lokacin da aka fara shari'ar Musulunci a Jigawa, kowa ya sa ido a kan 'yan gidansa, ƙanena ya dawo hutu daga jami'a. Karatun haɗa magunguna yake yi, yana shekarar ƙarshe. Mahaifinmu ya rasu, ni ne babba a gidanmu na Yalwawa, sai na naɗa kaina alƙalin gida.

Tun da ya zo ya kama ɗakin zaure ya sa masa kwaɗo. Da hantsi zai shige, sai dai ka ji ƙarar ɗan turmi har azahar. Ran nan na leƙa ta taga, na ga farar hoda a ƙananan kwalabe, kowace da lamba, ga ɗan sikeli irin na masu sayar da zinare. A makon kuwa aka kama wasu samari a unguwar Limawa da kayan maye.

Na ce, "Kai, me kake dakawa a nan?"

Ya ce, "Aikin makaranta ne, Yaya." Ya ja ƙofa.

Jan ƙofar nan ya gama tabbatar mini. Ban gaya wa mahaifiyata ba, ciwon gwiwa ma ya ishe ta. Ranar Juma'a da ya riga ni fita, na ɓalle kwaɗon, na kwashe kwalaben na juye a masai. Na tafi masallaci ina jin kamar na ceci zuri'a.

Da ya dawo ya gani, bai ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi, "Yaya, aikin wata huɗu ka zubar, tun a makaranta na faro shi."

Mahaifiyata ta kira mu tsakar gida. Ya kawo ruwa a kofin gilashi biyu, ya kankaro ɗan abin da ya rage a turmi, ya ɗauko ragowar zallar garin magani daga jakarsa. Ya ce, "Inna, maganin kumburin gaɓoɓi ne, irin wanda kike sha. Ba ya son narkewa, in kuwa bai narke ba jiki ba ya ɗaukarsa da wuri." Ya zuba zallar garin a kofi ɗaya, garin ya taso sama kamar alli, ya ƙi ruwan. Ya zuba na turmin a ɗaya kofin, ya juya kaɗan, ruwa ya shanye shi. "Wannan da ƙaro na haɗa. Ƙaron ne yake rarraba garin, ruwa ya samu shiga. Kowace kwalba da awonta, ina neman wanda ya fi."

Na yi ƙarfin hali na ce, "To kullewar ta mece ce?"

"Don 'ya'yanka, Yaya. Kar su lasa."

Mahaifiyata ta dube ni ta ce, "Da ka sake tambaya, bakinka zai ƙare ne?"

Sai da ya fara aikin daga tushe, 'yan ajinsu suka gama suka bar shi, ya ƙara zango guda. Abin da na koya shi ne zargi ba ya jiran amsa, da amsarsa yake zuwa. Yau ƙanena babban mai haɗa magunguna ne, bai taɓa tayar mini da maganar ba. Amma in abokan karatunsa suka zo suna kallon hoton ranar yaye su, nakan tashi in shiga ciki. Ba ya cikin hoton, kuma na san dalili.